Dawakin Tafin Hannu: Tafiya Zuwa Hausari

Motar da ta bar Kano bayan sallar asuba, idan taya bai fashe ba kuma masu bincike a hanya ba su riƙe ta ba, takan shiga Maiduguri wajen la'asar. Tafiyar ta doshi kilomita 600: Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu, sannan Benisheikh da Auno, inda direba kan rage hira ya riƙa duba agogo, domin da yamma sojoji na rufe hanya, wanda ya makara kuwa a waje zai kwana. Daga shingen Njimtilo gari ya soma. Itatuwan maina ne ke fara tarbar baƙo, jere a gefen titi, sai keke Napep da suka cika ko'ina tun da aka hana hawa babur a 2011, sai ƙamshin turaren wuta da ke biyo mutum daga zaurukan gidaje.

Yawancin 'yan kasuwar ƙasar Hausa da ke zuwa nan hula ce ke kawo su, ko bandar kifin Baga, ko shanu, ko humra. Matafiyin da wannan labari ya bi sawunsa doki ya zo nema, amma ba dokin turke ba. Wasu ƙananan dawaki ne na tagulla, kowanne da mahayinsa, waɗanda in ka dunƙule hannu sai su ɓace a ciki. Ya daɗe yana ganin hotunansu a kundayen masu gwanjon kayan tarihi na Faransa da Beljiyam. An ba kowanne lamba, an auna tsayinsa, an rubuta sunan Baturen da ya taɓa mallakarsa. Idan aka zo wajen asali kuwa, ɗan layi ne guda: Kotoko, yankin Tafkin Chadi. Babu sunan gari, babu sunan maƙeri, babu sunan ɗan kasuwar da ya ɗauko shi ya kai bakin teku. Wannan giɓin ne ya sa shi hanya, kuma duk wanda ya san yadda kaya ke yawo a wannan ƙasa ya san inda ake fara tambaya, wato unguwar Hausawa.

Hausari kusan tsarar garin ce. A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya kafa fadarsa a Yerwa, wato Maiduguri ta yau, kusa da sansanin Turawan Ingila, unguwanni suka tashi a kewayenta: Shehuri wajen fada, Limanti, Fezzan inda Larabawan da suka ƙetaro Sahara suka sauka, da Hausari. Hausawan da suka zauna a nan fatake ne masu goro da tufafi, da almajirai masu zuwa gabas neman Alƙur'ani, da maniyyata waɗanda suka ɗauki hanyar Makka a ƙasa ta Fort Lamy, Njamena ta yau, su ratsa Sudan. Wani zai yada zango da niyyar wata guda ya tara guzuri, sai ga shi da mata da 'ya'ya da rumfa a kasuwa. Da jirgin ƙasa ya iso a 1964, kayan kudu suka ƙara kwararowa. Tsarin da ya riƙe wannan ciniki shi ne na fatoma: mai masauki ya saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa shaida, ya karɓi la'adarsa. Rubutu kaɗan ne a cikinsa. Amana ce da sanayya da abin da aka riƙe a ka.

Wanda ya bi Babban Layi da hantsi zai ga shagunan yadi da atamfa, da teloli, da masu wankin hula sun jera huluna a rana, zai ji Hausa da Barbarci da Larabcin Shuwa na fita daga baki ɗaya. Abin da ba zai gani ba shi ne allon da ke cewa nan ake sayar da dawakin tagulla. Kayan da ba a baje su a titi. Sai an zauna an gaisa, an tambayi gida da gajiyar hanya, an faɗi daga wurin wa aka zo. Saurayi ya ce, "Baba, wurinka aka turo ni," dattijo ya amsa da "To, ɗana, me ake nema?" Wannan ya haɗa ka da wancan, wancan ya ce ka dawo bayan azahar. Sannan ne za a jawo tsohuwar adaka daga ƙarƙashin benci, a kwance tsumma.

Dokin adon da ya fi yawa a kasuwannin birni yau, a nan da sauran biranen Arewa, shi ne na roba ko na tangaram mai ruwan zinariya, ya ɗaga ƙafafun gaba, wanda ake shigo da shi daga China a kwali a ajiye a falo. Shi injin ne ya zuba dubbansa, ba shi da labari. Bayansa akwai na farin gaci, sabon zubi, mai girma da nauyi, irin wanda ake kawowa daga Fumban ta ƙasar Kamaru ko daga Binin, garuruwan da suka yi suna a zubi. Aikin hannu ne na gaske, wani ma gwanin kyau, an yi shi ne domin baƙi da teburin ofis da kyautar sallama ga ma'aikacin da aka yi wa canjin wuri. Na Kotoko shi ne mafi wuyar samu, shi ne kuma mafi ƙanƙanta.

Tsayinsa bai cika wuce ɗan yatsa ba, nauyinsa a hannu kamar na babban goro ɗaya. Dokin gajere ne, wuya a miƙe, kunnuwa a tsaye. Mahayin ya zauna daram ya ja linzami. Maƙerin ya murza kaki siriri ya yi masa rawani, ya yi ragama, ya yi ɗamara, wani lokaci har da garkuwa ko mashi a gefe. A kan wasu dawakin mutum biyu ne. Tsohon gaske fuskarsa ta shafe, hanci da idanu sun goge saboda shekarun da ya yi yana gugar jiki da tufa, tagullar ta yi santsi da duhu a wuraren da hannu ke taɓawa. Wasu kuma ba a ganin su sosai, domin an ɗinke su cikin fata, sai kan dokin ko ƙafafunsa ne ke leƙowa.

Wannan ɗinkin fata shi ke nuna cewa asali ba don ado aka yi shi ba. Kotoko mutanen bakin kogin Logone da Shari ne da kudancin tafkin, masunta da manoma masu tsofaffin garuruwa da ganuwa: Kusuri, Gulfe, Makari da Logone Birni a Kamaru, Gawi kusa da Njamena, da ɓangaren Ngala da Kala Balge a Najeriya. Suna ɗaukar kansu zuriyar mutanen Sao, waɗanda suka zauna a ƙasar tun kafin daular Borno ta kafu a yammacin tafkin. Abin da masu bincike suka tattaro daga bakinsu shi ne, ana zuba ɗan dokin ne domin mai taɓin hankali, ko wanda aka ce iska ta shige shi. Mai magani ya ba da umarni, maƙeri ya zuba, a ɗinke a rataya wa majinyaci. Bayanin da aka fi ji shi ne, dokin majinyacin ne, mahayin kuma iskar da ta hau shi. Masu tara irin waɗannan kaya sun san su da sunan putchu guinadj. Kotoko Musulmi ne tun ƙarnonin baya, kuma da karatu ya ƙara yaɗuwa, mutane da yawa suka bar wannan al'ada. Abin da gida ya daina so kuwa, shi dillali ke samu da araha.

Ba sai mutum ya yarda da aƙidar da ke bayan abin ba kafin ya ga nauyinsa. Kowane ɗaya shaida ne na wani gida da ya yi jinya, na uwar da ta rasa yadda za ta yi da ɗanta ta nufi inda ta ji ana samun sauƙi. Shaida ne kuma na gwanintar maƙerin fari, wanda aikinsa ya cancanci a tsaya a kansa. Da kakin zuma yake farawa, ya gina dokin da mahayinsa da yatsu da ɗan tsinke. Ya shafe shi da laka mai laushi, ya bari ta sha iska, ya ƙara wata mai kauri da aka cuɗa da kashin dabba ko ƙaiƙayi don kada ta tsage, ya bar 'yar ƙofa. A sa a wuta, kakin ya narke ya tsiyaye ya bar gurbinsa. Sai a narka ƙarfe, abin da aka samu, tsofaffin mundaye ne, kan famfo ne da ya lalace, kwanson harsashi ne, a ɗura a gurbin. In ya huce a fasa lakar, a goge, a kankare. Tun da sai an fasa gidan kafin dokin ya fito, babu guda biyu da suka yi daidai. Shi ya sa masu tarawa ke rububinsu: wanda ke da hamsin yana neman na hamsin da ɗaya, domin ya san ba irin na hannunsa ba ne.

Wanda ya tsaya a Dandal ya fuskanci fadar Shehu ba ya buƙatar a gaya masa dalilin da ya sa maƙeri a wannan ƙasa, in zai siffanta ƙarfi, doki zai zuba. Da doki aka gina daular. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa sarkin Borno na sayen dawaki daga fataken Arewacin Afirka, ana ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki ɗaya, lissafi mai ɗaci da bai kamata a tsallake shi ba idan ana yabon barade. Daga baya cikin ƙarnin, Mai Idris Alooma ya faɗaɗa daular da dakarun dawaki da 'yan bindiga, limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta yaƙe-yaƙensa, cikinsu har da waɗanda ya yi da mutanen Sao. Da Denham da Clapperton da Oudney suka iso Kukawa a watan Fabrairun 1823, mahayan Shehu al-Kanemi ne suka tarbe su cikin sulke da kwalkwali, kuma zanen barde cikin lifidi da ya fito a littafin tafiyarsu ya zagaya Turai. A hawan da aka yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977, tawagar Borno na cikin waɗanda aka daɗe ana labarinsu. Sai ga shi a 2015 sojoji sun hana hawa doki a faɗin jihar Borno, saboda 'yan Boko Haram sun koma kai hari a kan dawaki, kuma an yi shekaru a jere ba a yi hawan sallah a Yerwa ba. Hawan ya dawo, alhamdu lillahi, amma bargogi da yawa na ƙauye sun watse a tsakanin.

Gina 'yan dabbobi ma ya girmi daular nesa ba kusa ba. A Daima, wani tsibin ƙasa kusa da Ngala mai tsayin fiye da mita 10, Graham Connah ya yi haƙa a 1965 da 1966, ya samu siffofin dabbobi na laka, yawancinsu shanu, da kayan adon tagulla a cikin kaburbura. A Gajiganna, arewa da Maiduguri, masana daga Jami'ar Frankfurt tare da na Jami'ar Maiduguri sun tono 'yan siffofin laka da suka haura shekara 3,000. Yaron da ke zaune bakin kududdufi da damina yana murza laka ya yi doki, ya soka masa tsinke huɗu, ko ya yanki kara ya hau yana sukuwa, sana'ar kakanni yake yi bai sani ba. Masu tambayar hukuncin irin wannan wasa na yara, malamai kan tuna musu ruwayar Abu Dawud game da dokin wasa mai fukafukai da Nana Aisha take da shi. Maganar ajiye mutum-mutumi ga manya kuwa daban ce, kuma ƙyamarsa na cikin dalilan da suka sa ba a baje waɗannan kaya a fili.

To, yaya ɗan doki ke tashi daga ƙauyen bakin Logone ya sauka a birnin Paris? Hanyar farko sananniya ce: Kusuri, Fotokol, Gamboru Ngala, Dikwa, Mafa, Maiduguri, ko kuma ta Njamena da Marwa zuwa kudu. Hannun da ke ɗauke da shi kuwa sau da yawa na Bahaushe ne. Tun zamanin Turawan mulki 'yan koli Hausawa ke bin gidajen ma'aikata da ƙofofin otal da ƙunshin kaya, har sunan Bahaushe ya zama tambarin wannan sana'a daga Legas zuwa Dakar. Wani masani ɗan Amurka, Christopher Steiner, ya zauna da masu cinikin kayan gargajiya a Abidjan ya fitar da littafinsa African Art in Transit a 1994, inda ya nuna cewa yawancinsu Musulmi ne, Hausawa da Wolof da Jula, waɗanda ba su ɗauki kayan a bakin komai ba face haja. Fim ɗin In and Out of Africa ya bi wani ɗan kasuwa Bahaushe daga Nijar, Gabai Baare, tun daga ƙauyukan Kodebuwa har gidajen masu saye a Amurka.

A wannan ciniki ɓoye asali jari ne. Idan dillali ya faɗi garin da ya samo kaya, gobe mai saye zai tsallake shi ya tafi da kansa, saboda haka ba ya faɗa. Yaron da ya shiga ƙauye ya sayo bai san wa zai saya a ƙarshe ba, mai shago a Turai bai san yaron ba. Kaya ya bi hannu biyar ko shida, kowane hannu ya ɗora ribarsa ya shafe sawun na bayansa. Mai saye na waje kuma tsoho yake so, wanda aka yi aiki da shi, ba ya son jin an zuba shi bara. Da tsofaffin suka yi ƙaranci sai aka shiga tsofantar da sababbi: a binne su a danshi, a jiƙa su da gishiri ko ruwan batir, a turara su da hayaƙi, a ɗinke su a tsohuwar fata. Maƙerin da ya iya aikin da ya isa a sa sunansa a kai, an mai da shi mai ɓoye kansa, domin ranar da aka san yana raye farashin ya faɗi. A ganin mai wannan rubutu, babu asarar da ta kai wannan a duk sana'ar. Algus ya ɓata sunan ɗan kasuwa na gari, ya kuma danne gwani.

Can kuwa inda kayan ke sauka, abu na farko da ake yi masa shi ne lamba. Gidan tarihi na ba kowane kaya lambar shiga, yawanci shekarar da ya zo, da lambar ƙunshin da ya zo a ciki, da tasa ta kansa, a rubuta da ɗan alƙalami a ƙasansa, a buɗe masa shafi. Mai tarawa ma haka yake yi. Wani Ba'italiye, Pierluigi Peroni, ya tara waɗannan mahaya na Kotoko da yawa har ya buga littafi a kansu, da hoton kowanne. Henning Christoph, mai gidan tarihin Soul of Africa a birnin Essen na Jamus, shi ma ya yi bincike ya wallafa a kansu. Daga ranar da ɗan doki ya fito a irin wannan littafi ya zama wani abu daban. In an kawo shi gwanjo za a ce ga shafin da ya fito, ga wanda ya mallake shi, ga baje kolin da aka nuna shi, farashinsa ya yi ninkin-ba-ninkin abin da aka biya a ƙauye. Tagullar ba ta ƙaru ba, aikin maƙeri bai canza ba. Takarda ce aka ɗora masa, kuma kuɗin takardar a can yake tsayawa.

Har dokin roba lamba na ɗaga shi. Kamfanin Breyer na Amurka ya fara yin dawakin roba a 1950, kowane samfuri da lambarsa, an san shekarar da aka fara shi da wadda aka daina. A kan wannan lissafi kaɗai aka gina kasuwar masu tarawa da sake sayarwa, har suna da taron shekara-shekara a jihar Kentucky. Abin da injin ya zuba ya samu tarihi, abin da hannu ya gina guda ɗaya tak a bakin Shari yana yawo ba suna.

Amfanin lamba bai tsaya ga farashi ba. Kayan Binin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, cikinsu har da sanannun mahaya doki na tagulla, an iya bin sawunsu ne saboda gidajen da suka ajiye su sun rubuta. Kundin Digital Benin da aka buɗe a intanet a watan Nuwamban 2022 ya jera kaya 5,246 a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, a shekarar da Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar fiye da guda 1,000. Wanda ke da lamba da hoto yana iya tsayawa ya ce wannan nawa ne. Wanda ba shi da su, ko ya ga kayan kakansa a bayan gilashi, sai dai ya yi kallo.

Akwai kuma doka, wadda 'yan kasuwa da yawa ke jin ta a bakin jami'in kwastan kawai. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ce aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ko wanda ke da muhimmanci kuma aka taɓa amfani da shi a wata al'ada ta gargajiya, kayan tarihi ne: ba mai sayensa sai wakilin da hukuma ta amince da shi, ba a kuma fita da shi ƙasar waje sai da izini. Majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan laka da tagullar Sao na Najeriya da Kamaru da Chadi cikin jerin kayan da ke cikin haɗarin sata da ta fitar a shekarar 2000. Ma'anar wannan a rumfa ita ce, sabon zubi halal ɗin ɗan kasuwa ne, ya saya ya sayar ya fitar, tsoho kuwa, musamman wanda aka tono daga ƙasa, ba haja ba ne. Dillalin da ya tsofantar da sabo ya ce tsoho ne ya jawo wa kansa laifi biyu, ya yi ƙarya, ya kuma shigar da kayansa cikin abin da doka ta hana. Wanda ke da littafi mai nuna ranar da aka zuba da sunan wanda ya zuba, shi ne ke wucewa da kayansa hankali kwance.

Maiduguri ta ga abin da ke faruwa da ilimin da aka bari a ka da kayan da aka bari a adaka. Tun daga 2009 rikici ya kori masu yawon buɗe ido, ya tashi garuruwan kan hanyar Ngala, ya tarwatsa iyalai zuwa sansanonin gudun hijira, dattawa da yawa suka rasu da abin da suka sani. Ranar 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta cinye babbar kasuwar Monday Market, wadda Hausari ke maƙwabtaka da ita. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga kasuwar da fadar Shehu da unguwanni masu yawa, irin wanda ba a gani ba tun ambaliyar 1994. Mai yadi da ya yi asara yana iya cewa bandir kaza ne ya tafi, in Allah ya hore ya sake sarowa. Mai tsohon kaya ba shi da inda zai sake sarowa, sau da yawa ma ba zai iya lissafa abin da ya ɓace ba.

Gyaran ba ya buƙatar tallafin wata ƙungiya. Tun 1997 akwai wani ɗan tsari mai suna Object ID da gidajen tarihi da 'yan sanda ke amfani da shi, kuma abin da ya ƙunsa bai fi ƙarfin kowa ba: hoto, irin kayan, abin da aka yi shi da shi, awonsa, alamar da ta bambanta shi, wanda ya yi shi, da zamaninsa. Littafin makaranta ɗaya da wayar hannu sun isa. Ɗan kasuwar da ke iya riƙe bashin mutum talatin a ka, ya san wa ya biya wa ya saura, ba zai kasa rubuta layi uku a kan kowane doki ba, da boko ko da ajami. Ba dole ne ya buɗe wa abokin hamayya littafinsa ba. Ya ajiye, ya ba mai saye kwafin shafin kayan da ya saya, ya ƙara kuɗi a kai, domin shafin ma haja ne. Maƙeri kuma ya sa alamarsa a ƙasan abin da ya zuba, a sayar da shi a matsayin sabon aikin wane na gari kaza. Ma'aikatan agaji da suka cika garin a shekarun nan suna neman tsarabar da za su koma da ita ba tare da fargabar filin jirgi ba, kuma aiki mai suna ya fi musu kwanciyar rai.

Sauran aikin na masu ilimi ne. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da masana tarihi da ɗalibai masu neman abin rubutu, garin yana da gidan tarihi, Gawi ma tana da nata na Sao da Kotoko a tsohuwar fadar sarki. Ɗalibi ɗaya da zai zauna da dattawan fatake a Hausari, ya gaishe su yadda ya kamata, ya naɗi abin da suka tuna na hanyoyi da garuruwa da maƙeran da suka yi hulɗa da su, zai cike shafin da babu wani kundin gwanjo a Turai da ke da shi. Mutanen da suka yi wannan fatauci a shekarun 1970 da 1980 yau tsofaffi ne.

Mai karatu kuma da ke da irin wannan ɗan doki a adakar kakarsa, ko a Ngala yake, ko a Hausari, ko a Fagge, kafin ya saurari tayin kowa ya ɗauki hotonsa gaba da baya, ya zauna da tsohuwar da ta san labarinsa, ya rubuta sunan garin da na wanda ya zuba da na wanda aka yi dominsa, ya sa masa lamba ta 1.